Ruwa Da Lodi Su Ke Cin Hanyar Manomi

Kowace shekara in kaka ta yi, manomi ya kan ɗaure damma ya zuba ido ga hanya. Ya yi huɗa, ya yi noma, ya yi maimai, Allah kuwa ya ba da albarka, amma kuɗin da zai shiga aljihunsa ba a gona a ke yanke shi ba. Ɗan kasuwa in zai taya buhun masara, sai ya fara lissafin abin da mai mota zai karɓa. Mai mota kuma sai ya lissafa mai, da taya, da kwanan da zai yi in ya kafe a laka. Dukan wannan daga wuyan manomi a ke cire shi. Shi ya sa ƙauyuka biyu masu ƙasa iri ɗaya, ɗaya a bakin kwalta, ɗaya a bayan rafi, ba su sayar da hatsi kuɗi ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, bambancin ya ƙara faɗi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ba a daɗe ba noman gyaɗa ya bunƙasa, domin an sami abin kai ta bakin teku. Dalar gyaɗar nan da a ke tunawa da ita, wani sashen dalilin tsayuwarta shi ne jirgi ya kasa kwashe buhunan da wuri. Watau sufuri shi ya ɗaga gyaɗa, shi kuma ya riƙa tsai da ita.

To, yanzu ana ta maganar hanyoyin gobe, manyan tituna masu tagwayen hannu, da na kankare, da gadojin sama. Ba wanda ya ƙi su. Amma ya kamata manoma da 'yan kasuwa su san abin da masu binciken hanya suka gano tun da daɗewa, domin su san abin da za su nema wurin hukuma. A taƙaice abu biyu ne ke kashe hanya, ruwa da nauyin lodi. Ƙasar da ba ta yi maganinsu ba, kome yawan titin da ta shimfiɗa za ta koma gidan jiya.

A fara da lodi. Daga 1958 zuwa 1960, a wani gari da a ke kira Ottawa cikin jihar Illinois ta Amurka, aka gina hanyoyi na gwaji masu kauri dabam dabam, aka sa sojoji suna tuƙa manyan motoci a kansu dare da rana har shekara biyu, injiniyoyi suna auna lalacewar kowace. Abin da aka gano ya ba mutane mamaki. Ɓarnar da mota ke yi wa hanya tana gaba da nauyinta nesa ba kusa ba. In aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar ta kan ninku wajen sau 16. Ƙananan motoci dubbai su wuce, ba su yi abin da tirela ɗaya mai lodin wuce kima ta yi ba.

A kawo lissafin nan gida. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun yarda kada layin taya ɗaya na babbar mota ya ɗauki fiye da tan 11 da rabi. In mai kaya ya matsa wa direba aka yi ƙari har ya kai tan 15, a ido ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, amma ɓarnarsa ga hanya ta kusa ninki uku. Hanyar da aka gina don ta yi shekara 20, in irin waɗannan motoci suka yawaita a kanta, ba ta kai rabin kwanakinta. Ɗan kasuwa yana ganin ya ci riba da ya ƙara buhu hamsin bisa mota. Baɗi in hanyar ta fashe, shi ne zai biya kuɗin mota ninki, tumatirinsa kuma ya ruɓe cikin kwando tsakanin Kadawa da Ikko, tafiyar da ta kai kilomita 1,000.

Sa'an nan sai ruwa. Kwalta ba ita ke ɗauke da mota ba, ƙasar da aka daddaɓe a ƙarƙashinta ke ɗauka. Aikin kwalta kamar na daɓen soro ne, ta hana ruwa shiga. Duk mai ɗakin ƙasa ya san abin da ke faruwa in indararo ya toshe, ko yaɓe ya tsage ba a shafe shi ba kafin damina. Haka hanya ta ke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi ƙaramar tsaga ya jiƙa ƙasa, ƙasa ta yi laushi, mota ta taka, rami ya buɗe. Don haka injiniyoyi su kan sa tsakiyar hanya ta fi gefe tudu. A hanyar marmara a kan so kowane mita ɗaya ya gangara kamar santimita 5 zuwa gefe, a haƙa lambatu dama da hagu, a sa kwalbati inda ruwa ke tsallakewa. Hanyar marmara mai kyakkyawar magudana ta fi hanyar kwalta wadda ruwa ke kwana a gindinta ƙarko.

Ƙasa ma iri iri ce, kamar yadda manomi ya san jigawa dabam, fadama dabam. Marmara ta kan yi hanya mai kyau in an zaɓe ta an daddaɓe ta da laima daidai. Amma baƙar lakar nan ta ƙasar Barno wajen Dikwa, inda a ke dasa masakwa, da damina ta kumbura, da rani ta tsattsage, duk abin da aka shimfiɗa a kanta sai ta karya shi, sai fa in an gauraya ta da farar ƙasa ko siminti, ko an kwashe ta an zuba wata. Don irin wannan bincike aka kafa ma'aikatar binciken gine-gine da hanyoyi ta Nijeriya a 1978, aka kuma buɗe makarantar nazarin sufuri a Zariya a 1986. Ilmin yana nan. Abin da ya rage shi ne a tilasta wa ɗan kwangila ya auna ƙasa kafin ya fara, a kuma sami mai duba shi wanda ba a toshe masa baki.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata kowane akawun ƙaramar hukuma ya haddace. A 1988 Bankin Duniya ya duba hanyoyin ƙasashe 85 masu tasowa, ya tarar an yi hasarar hanyoyi na wajen dala biliyan 45 saboda rashin gyara, alhali da an kashe abin da bai kai biliyan 12 ba wajen kula da su, da ba su mutu ba. Watau duk naira ɗaya da aka ƙi kashewa wajen yashe lambatu da cike rami, sai an biya kusan huɗu daga baya. Rigakafi ya fi magani.

Nijeriya ta ga wannan da idonta. A 1986 Gwamnati ta kafa hukumar DFRRI, ta buɗe hanyoyin karkara masu yawa, jama'a suka yi murna. Amma ba a ajiye kuɗin gyara ba, ba a kuma ce ga wanda zai kula ba, sai damina kaɗan suka mai da da yawansu kwazazzabai. An kafa FERMA a 2002 don gyaran hanyoyi, amma hanyoyin Gwamnatin Tarayya kaɗai ke hannunta. Cikin wajen kilomita 200,000 na hanyoyin ƙasar nan kuwa, na Tarayya ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Mafi yawa na ƙananan hukumomi ne, galibinsu kuma ba kwalta. A kansu buhun manomi ke fara tafiya, su ne kuma marayu.

Saboda haka in ana shawarar hanyoyin gobe, a fara da ta ƙauye. Ma'aunin da masana ke amfani da shi a duniya yanzu shi ne, mutum nawa ne cikin mutanen karkara ke zaune kusa da hanyar da ke biyuwa rani da damina, kada nisan ya wuce kilomita 2. Wannan ma'auni ya fi tambayar kilomita nawa aka buɗe da biki. Sau da yawa ba sai an yi hanyar duka ba. Hanya mai kilomita 15 ta yiwu wuri uku ne kaɗai ke yanke ta da damina, mashigin rafi ɗaya da fadama biyu. In aka sa kwalbati aka yi ciko a wuraren nan, ƙauye goma sun sami kasuwa da kuɗin da bai isa shimfiɗa kwalta kilomita ɗaya ba.

Inda zirga-zirga ta ɗan yi yawa kuma, akwai dabaru masu sauƙin kuɗi. A ƙasar Norway, cikin shekarun 1960, aka gwada zuba kwalta mai laushi a watsa mata tsakuwar da a ke samu nan kusa, a bi da abin daddaɓa. Ƙasashe irin su Kenya da Botswana sun ɗauki dabarar ta yi musu aiki. Hanyar kankare kuwa, irin wadda kamfanin Dangote ya yi tsakanin Obajana da Kabba, tana da ƙarko inda manyan motoci suka yi yawa, amma tsadarta ta fi ƙarfin hanyar ƙauye. Kowace hanya a yi mata riga daidai wuyanta. Kaya masu nauyi na nesa, irin su siminti da taki da man fetur, jirgin ƙasa ya kamata ya ɗauke su, titi ya huta.

Shirin hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda jihohi irin su Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi da Bauchi suka shiga, ya zo da sharaɗin kowace jiha ta kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyara. Wannan sharaɗi ya fi kwaltar kansa muhimmanci. Bashi a ke ci a yi hanya, in ba a kula da ita ba hanya ta tafi bashi ya zauna.

Wani zai ce ai duk wannan aikin Gwamnati ne, mene ne na talaka? Gaskiya ne sikelin auna motoci, da asusun gyara, da hukunta ɗan kwangila maha'inci, duk na hukuma ne, kuma a kan su ya kamata a riƙa tambayar kansila da ɗan majalisa in sun zo neman ƙuri'a. Amma akwai na jama'a. Manomin da ya yi huɗa har cikin lambatu don ya ƙara kunya biyu, ya toshe wa ruwa hanya, ruwan kuwa bisa titi zai hau. Mai zuba shara a bakin kwalbati, da mai haƙar ƙasar gini a gefen hanya, da mai datse titi ya jawo ruwa zuwa lambunsa, duk suna cikin masu kashe ta. Dā can a kan ba lebura yankinsa na hanya ya riƙa kula da shi, helma yana zagawa yana dubawa, har yau kuwa masana suna yaba wannan tsari ga hanyar ƙauye. Inda ba a samu haka ba, dagaci da masu unguwa su sa ranar gayya sau biyu a shekara, ɗaya kafin ruwan fari, ɗaya bayan ɗaukewar ruwa, a yashe lambatu, a buɗe kwalbati, a cike ramuka da marmara tun suna ƙanana.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi kuma, a Dawanau da sauran manyan kasuwanni, su ne suka san nauyin kowace mota kafin ta tashi. In suka haɗa baki suka hana lodin wuce kima tun daga tasha, sun yi wa kansu gata, sun yi wa manomi. Hanya ta kowa ce, wanda ya ɓata ta kuwa shi ma a kanta zai bi. Allah ya sa masu iko su ji, jama'a kuma su kama.