Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Magana A Kan Kartar Duba Ta Tarot

Yau maganar tamu a kan wata karta ce da Turawa ke kira tarot, wadda ta fara shigo mana ta cikin wayoyinmu. Kina duba TikTok ko YouTube sai ki ga wata ta baje katuna masu kyawawan hotuna, tana cewa zaɓi ɗaya in faɗa miki abin da ke zuciyar mijinki. Wani katin da hoton Fir'auna, wani da gumakan Indiya, wani da baƙar mace sanye da murjani. To 'yar'uwa, kafin kwalliyar nan ta ɗauke miki hankali, tsaya ki ji asalin abin.

Kartar tarot guda 78 ce, 22 manya masu hotuna irin su Sarki da Rana da Mutuwa, sai 56 ƙanana da aka kasa gida huɗu. A ƙasar Italiya aka fara yin ta wajen shekarar 1440, don sarakai da attajiran Milan da Ferrara su yi wasa da ita, kamar dai yadda samari ke buga karta a bakin titi. Har gobe ana wasan a Faransa. Ita kuwa karta ta yau da kullum, daga Masar ta shiga Turai wajen 1370, zamanin sarakunan Mamluk, kuma akwai ragowarta a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, da zanen kofuna da takubba da tsabar kuɗi da sandunan wasan folo. Kin ga dangantakarta da Masar ta wasa ce kurum.

To ina aka samo maganar duba? Wani malamin coci a Faransa mai suna Antoine Court de Gébelin ya ga mata suna wasa da kartar, sai a 1781 ya rubuta cewa wai tsohon littafin asirin bokayen Masar ne. Abin dariya, a lokacin babu mahalukin da ya iya karanta rubutun Masarawan da. Sai a 1822 Champollion ya gano yadda ake karanta shi, kuma da aka karanta ba a ga ko ƙurar tarot a ciki ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin nan wani ɗan kasuwa da ake kira Etteilla ya riga ya buga tasa kartar ta duba yana karɓar kuɗin jama'a. Sun san tsohuwar zuma ake magani da ita, shi ya sa suka ara wa kartar wasa rawanin Fir'auna.

Daga nan aron bai tsaya ba. A 1909 aka buga wadda ta fi kowacce shahara a Landan, Arthur Edward Waite ya tsara, wata mata Pamela Colman Smith ta zana hotunan. An sayar da miliyoyi, amma ita baiwar Allah kuɗi kaɗan aka ba ta, aka daɗe ba a ko sa sunanta a kwalin ba, ta rasu a 1951 da bashi a kanta. A kan wannan tsarin nata ne akasarin masu zane ke canja wa kartar riga. A 1982 aka fitar da ta jajayen mutanen Amurka, wato 'yan asalin ƙasar. Wajen 1990 wani Bajamushe, Hermann Haindl, ya tara Kali da Krishna na Indiya, da Isis da Osiris na Masar, da Odin na Turawan arewa a kwali ɗaya, har da Seattle, wani shugaban jajayen Amurka wanda mutum ne da ya yi rayuwa ya mutu a 1866. A 1994 kuma aka buga ta Orisha a Amurka, wato abubuwan bautar gargajiyar Yarbawa.

Don Allah ki duba wannan kwamacala. Masu addinin gargajiya na Yarbawa suna da nasu tsarin da suke kira Ifa, mai babi 256, wanda mutum ke shekaru yana haddacewa a gaban malaminsa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2005. Babu karta a cikinsa ko ɗaya. Mutumin Indiya kuwa da ke bauta wa Kali bai taɓa saninta a matsayin sarauniyar sanduna ba. Ko kin yarda da abin da mutanen nan ke bauta wa ko ba ki yarda ba, kin san abin da mutum ya riƙe da tsarki ba kayan talla ba ne. Ya za ki ji a ce an ɗauki abin da kike girmamawa an buga a kati, ana karkasa shi a tebur don a gano ko saurayin wata zai dawo?

Su ma masu abin ba shiru suka yi ba. A 2018 kantunan kwalliya na Sephora a Amurka suka shirya sayar da wani kwali na dala 42 da kamfanin Pinrose ya haɗa, wai kayan koyon tsafi, da turare da kartar tarot da wani ganye da jajayen Amurka ke turarawa a ibadarsu. Jama'a suka yi ca, dole aka fasa.

Na san wata za ta ce, haba, ai hotuna ne kawai, kuma daɗi ne baƙar mace ta ga fuska irin tata a kati maimakon ta Baturiya kullum. Gaskiya ne akwai masu zane da suka iya hannunsu, kuma wasunsu 'yan cikin al'adar ne. In don kyan zane ne, a rataye a bango mana. Amma da zarar an ce katin zai faɗa miki gobenki, to fuskar nan irin taki ta zama tarko, domin mutum ya fi saurin yarda da wanda ya yi kama da shi. Ƙashin bayan dai na kartar wasan Italiya ne, ko an ɗaura mata zani ko an naɗa mata sari.

Kuma ki lura da wa ake nema. Mace mai damuwa ake nema, wadda aure ya yi wa jinkiri, ko haihuwa ta ƙi zuwa, ko ake shirin yi wa kishiya. Za a ce miki akwai wata mace kusa da ke da ba ta son ci gabanki. Wace mace ce a duniya ba za ta samo wadda za ta liƙa wa wannan ba? Sai ki wayi gari kina harara facalarki ko ƙanwar mijinki a kan maganar da aka faɗa wa mutum dubu a bidiyo ɗaya. Kuɗin cefane ya tafi, zumunci ya lalace, damuwar kuma tana nan inda kika bar ta. Mun daɗe da sanin wannan wajen 'yan duba da masu bugun ƙasa, wannan dai ya zo ne cikin kwali mai ƙyalli. Gaibu kuwa sai Allah.

Saboda haka 'yar'uwa, in kina son sanin Masar ko Indiya ko al'adun Yarbawa, nemi littafin tarihinsu ki karanta, ko ki tambayi maƙwabciyarki Bayarbiya. In ciwo ne ki tafi asibiti, in matsalar gida ce ki zauna da maigidan ko ki kai wa manya. Katin da aka buga a injin ɗab'i bai san sunanki ba balle na mijinki. Allah Ya sa mu gane, Ya kare mana imaninmu da aljihunmu. Wassalam.