ZAUREN 'YAN MATA: Hayaƙin Boka a Wasan Makaranta

 

Wasiƙar da na zaɓa a wannan fitowa daga wata 'yar aji biyar ce a makarantar kwana. Ta ce ƙungiyarsu ta dirama za ta yi wasa ranar bikin ba da kyaututtuka, kuma akwai fitowar da kishiya za ta je wurin boka, suna son hayaƙi ya turnuƙe lokacin da aljani zai yi magana. Wai wata a cikinsu ta ce a jiƙa tsumma da kananzir a kunna, wata kuma ta ce a watsa garin fulawa sama. Shi ne take tambayata wanne ya fi.

Ƙanwata, wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don kin tuna mini da abin da ba na son tunawa.

Muna aji huɗu muka yi irin wannan wasa, kuma ni ce boka, har da gemun auduga. Muka aro kasko muka cika da garwashi, amma a wurin gwaji hayaƙin turaren bai yi mana yawan da muke so ba. Ranar wasa sai wata ƙawata, ba da shawarar kowa ba, ta yago soson tsohuwar katifa ta jefa a ciki. Tabɗi! Nan da nan baƙin hayaƙi ya murtuke, ga tagogi a rufe saboda sanyin hunturu. Wata 'yar aji ɗaya mai ciwon asma da ke layin gaba ta sulale ƙasa. Wata ta ƙwalla ihu, "Gobara!" Kun dai san halinmu, sai kowa ta yi ƙofa, ƙofar kuma ɗaya ce a buɗe. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma yarinyar nan a asibiti ta kwana, wata kuma ta karye a hannu wajen turereniya. Har yau in na ji ƙaurin soso sai na tuno fuskar mahaifiyarta da ta zo washegari. Garin neman gira mun tashi rasa ido.

To bari in fara da abin da ba za ku kusanta ba: kananzir, fetur, taya, leda, soson katifa, ashana mai tartsatsi da abin fashewa na wasan yara. Gawayi ma a rufaffen ɗaki haɗari ne, don yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri.

Ita kuma fulawa, kada ku raina ta. Gari in ya tashi a iska ya haɗu da wuta, ci yake kamar fetur. A watan Yunin 2015, a wani wurin shaƙatawa a Taiwan, an fesa garin masara mai launi kan matasa suna rawa, garin ya kama da wuta. Mutum 15 suka rasu, kusan 500 suka ji rauni. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yanzu ga abin da za ku iya yi. Sirrin shi ne, ba yawan hayaƙi ne ke burge 'yan kallo ba, haske ne. Ku rataya baƙin zani a bayan boka, a rage fitilun ɗakin, sannan wata ta laɓe a gefe ta haska tocila mai ƙarfi daga baya-baya. Tsinken turare biyu ko uku kacal, a soke su a gwangwani mai yashi, a ɓoye gwangwanin cikin tukunyar boka. Za ku sha mamaki, siririn hayaƙin nan zai fito fari fes yana murɗawa har na layin ƙarshe ta gani. Sai dai a nisanta tukunyar da labule, da hijabi da gyale, musamman masu santsin nan da ke narkewa su manne a fata.

In ma kuna son ku rabu da wuta gaba ɗaya, ku sami farin gidan sauro, mutum biyu su riƙe bakinsa a ƙasa suna kaɗawa a hankali, a haska shi daga baya. Wutar murhun boka kuwa, a yanka ƙyallaye ja da rawaya a ɗaure a fuskar ƙaramar fanka mai caji, a kwantar da ita tana kallon sama, a sa tocila a ƙarƙashi. Daga nesa sai ki rantse harshen wuta ne.

Wannan farin hazo da kuke gani yana bin ƙasa in amarya da ango za su shigo wurin dina, yawanci da busasshiyar ƙanƙara ake yinsa. Iskar kabon dayoksaid ce aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri. In an jefa ta a ruwan zafi sai hazo ya tumbatso ya malale a ƙasa na 'yan mintuna, har ruwan ya huce. Tana da kyau, amma malamin kimiyya ne zai riƙe ta, ba ɗaliba ba. Da safar hannu mai kauri ake ɗaukarta don tana ƙona fata. Ba a toshe ta a kwalba ko fulas, fashewa zai yi. Guntu kamar sabulun wanka ya isa fitowa ɗaya. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, a ƙasa take taruwa, don haka wadda za ta yi suman ƙarya kada ta kwanta a cikin hazon. A Fabrairun 2020 a birnin Mosko, an juye fiye da kilo 20 a wurin ninƙaya na cikin gini ana bikin ranar haihuwa, mutum 3 suka rasa ransu.

Akwai kuma injin hayaƙi da masu kiɗan biki ke bayarwa haya. In makaranta za ta ɗauko, mai injin ya zo da kansa da ruwan da aka yi don injin, kada a yi masa haɗin gida.

Ko wacce hanya kuka zaɓa, ku sanar da shugabar makaranta tun da wuri, ku gwada a gaban malamarku kafin ranar. A buɗe tagogi, a cire sakatar kowace ƙofa, a ajiye bokitin ruwa da na yashi. A ware mutum ɗaya wadda ba ta da aikin komai sai gadin tukunyar. Masu asma su zauna can baya kusa da ƙofa da maganin shaƙarsu a hannu. Sannan mai gabatarwa ta faɗa tun farko cewa za a ga hayaƙi kuma na wasa ne. Da mun yi wannan 'yar sanarwa, da hannun yarinyar nan bai karye ba.

Ƙanwata, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Abin da iyaye za su tafi da shi gida shi ne darasin wasan, cewa bin boka asarar kuɗi ce da ta imani. Ku fi ba wannan ƙarfi. In kun gama ki rubuto mini yadda ta kaya, ki gaishe mini da mai fitowa a boka.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku