Dambun zogale: abincin bazara da bai kamata a raina ba

Ƴan uwa manoma da matan gida, a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. A lokacin nan tuwo yana yi wa mutane nauyi da rana. Gidaje da yawa sai su koma ga shinkafa da taliya. A ganinmu, dambun zogale ya fi su amfani.

Wasu suna cewa dambu abincin talaka ne. Mu duba abin da ke cikinsa. Hatsi yana ba da ƙarfi, kuma yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ganyen zogale yana da bitamin A mai kare ido. Ƙuli-ƙuli yana gina jiki. Farar shinkafa da mai kaɗai ba su da wannan duka. Ban da haka, yawancin shinkafar kasuwa daga waje ake kawo ta. Hatsi kuwa na rumbunmu ne. Zogale na garakenmu ne, albasa ta Galmi ce. Kuɗin dambu a hannun manomanmu yake tsayawa.

Haɗinsa ba wuya. A surfa hatsi, a wanke, a ɓarza shi ya zama tsaki. A yayyafa masa ruwa, a turara a madambaci har ya nuna. A dafa zogale dabam da ruwa kaɗan. Kada a bar shi ya daɗe a wuta, don kada amfaninsa ya ragu. Idan sun huce, a haɗa ludayi biyu na dambu da ludayi guda na zogale. A zuba dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, gishiri da mai. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. To, kada a yi masa rowar mai, domin mai ne ke taimaka wa jiki ya karɓi bitamin A. A matsa lemun tsami, shi kuma yana taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin ƙarfe. Shayi yana rage wannan, saboda haka a jinkirta shansa bayan cin abinci.

Amma akwai hatsari guda. Dambu da sanyinsa ake ci, kuma da hannu ake kwaɗa shi. Cikin zafi, ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri a abincin da ya huce. Daga nan zawo ke kama yara. Don haka a wanke hannu da sabulu. A wanke albasa da tumatir da ruwa mai tsabta. A rufe kwano saboda ƙudaje. Dambun da aka kwaɗa kada ya wuce awa 2 ba a ci ba. A kwaɗa daidai wanda za a cinye, sauran a sake turara shi ya yi zafi sosai kafin a ci. Dambu yana sa ƙishirwa, sai a ajiye ruwan sha mai tsabta kusa.

Wanda ke da ɗan fili a gida, ya dasa zogale wajen da ruwan wanke-wanke ke zuba. Ganyen da ya yi yawa a shanya shi a inuwa, a adana. Ranar da ganye ya yi tsada a kasuwa, gidansa ba zai rasa mahaɗin dambu ba.