Agadez zuwa Dirku: awa biyu ga wasu, kwana uku ga talaka

'Yan uwa, ku buɗe taswira ku auna da kanku. Daga filin jirgin Mano Dayak na Agadez zuwa filin Dirku, a miƙe ta sama, wajen kilomita 560 ne. Ƙaramin jirgi mai farfela, awa biyu sun ishe shi ya sauka. Amma wanda ya hau kamiyo ko Hilux ya ratsa Tenere, kwana biyu zuwa uku zai yi cikin rairayi, babu kwalta, in ma motar ba ta mutu ba ke nan.

In ta mutu fa? A 2017 mutum 44, har da mata da yara, ƙishirwa ta kashe su tsakanin Agadez da Dirku bayan motarsu ta lalace.

Abin da ke ci mini rai shi ne filin yana nan, kuma jirage na sauka. Sojoji na sauka. Ma'aikatan agaji sun daɗe suna zuwa cikin jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya da PAM ke gudanarwa. A 2018 jaridar New York Times ta fallasa cewa hukumar leƙen asirin Amurka na tayar da jirage marasa matuƙa daga Dirkun nan. Wato an iya gyara fili don baƙo ya yi leƙe, amma mai naƙuda a Bilma da haihuwa ta gardame mata, ko yaron da ya ƙone, sai a ɗora su a bayan mota a kama hanyar babban asibitin jiha. Haba jama'a!

Za a ce jirgi akwai tsada, mutanen Kawar kuma ba su da yawa. Na ji. To tun yaushe aka fara ƙidaya kawuna kafin a ba ɗan ƙasa haƙƙinsa? Gishirin Bilma da dabinon Kawar sun yi ƙarnuka suna isowa kasuwannin Damagaram da Maradi a bayan raƙuma, ba mu taɓa cewa sun yi nisa ba. Sai ranar ciwo ne nisan ke bayyana.

Sojojin Amurka sun bar sansaninsu na Agadez a 2024, muka yi murna muka ce ƙasa ta dawo hannunmu. Madalla. To samaniyar da ta dawo, wa za ta yi wa aiki?

Ga abin da nake nema daga mahukunta: jirgin farar hula sau ɗaya a sati tsakanin Agadez da Dirku, da farashin da gwamnati ta tallafa, a manna shi kowa ya gani. A ware kujerun marasa lafiya kyauta, likita ne zai sa hannu, ba mai uwa a gindin murhu ba. Kuma mu da ke kudu kada mu ce ba ruwanmu. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinyar da za a tura Bilma gobe, wataƙila daga gidanku za su fito.