Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Injin Yankan Itace a Sakkwato



A dazuzzukan Finlan da Suwidin mutum ɗaya ne ke kayar da itace, yana zaune cikin mota. Motar na da dogon hannu mai damƙe bishiya, ya yanke ta, ya zage rassan, ya auna tsawo da kauri, kwamfuta ta nuna inda za a gutsure. A 2013 kamfanin John Deere ya fito da tsarin da direba zai nuna wa bakin hannun inda ya dosa kawai, sauran gaɓoɓin su daidaita kansu. Da motocin kwasar gungume aka fara, daga baya aka kai ga na sara. Dalilin a bayyane yake: a rage wa direba lissafi da gajiya, don gajiyayye shi ke ɓarna.

Mai inji a Mabera ko Runjin Sambo bai samu wannan gata ba, alhali aikinsa ya fi wuya. Dogonyaron da aka kira shi kansa ya rankwafa bisa katangar maƙwabci, rassa sun sarƙe da wayar wuta, ga yaran unguwa sun yi cincirindo.

Saboda haka lissafin da kwamfuta ke yi can, nan sai ya yi shi da ido kafin ya ja igiyar tayar da inji. Ya zagaya itacen, ya ga ina nauyinsa ya rinjaya, ina iska ta nufa, ya ƙwanƙwasa gindin ko gara ta rarake cikin. Ya kori kowa nesa, kimanin tsawon itacen sau 2. Sannan ya yanke baki a gefen da yake so ya faɗi, ya koma baya ya yanka, ya bar ɗan tsakani kamar kashi 1 cikin 10 na kaurin gindin. Wannan tsakanin shi ne linzamin itacen. Wanda ya cinye shi don sauri ya saki ragamar aikin, sai inda Allah ya jefa. Hanyar gudu kuma a share ta tun farko, a karkace ta baya.

Babban taimakon da injin hannu ke da shi shi ne birkin sarƙa, mai tsayar da ita idan bakin ƙarfen ya yi tsalle ya nufo fuska. Abin takaici, wasu na aiki da shi a lalace. A gyara shi yau, a sa hular kwano, a cire silifas.

Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, kuma kowa ya san zafin watan Afrilu a garin nan, don haka inuwar kowane itace na da daraja. In maigida ya ce a kayar, alhali rage rassa ya wadatar, don Allah mai inji ya faɗa masa gaskiya, ko da kuɗin aikin zai ragu.