Akwai Allurar Ɓargo, Amma Wa Zai Kai Ɗan Gwangwan Ɗinmu Gare Ta?



Kullum muna ganin tireloli maƙare da tsofaffin ƙarafa suna ratsa mahaɗarmu, wasu daga Minna, wasu daga Bida, sun nufi Suleja. Yaranmu da dama da gwangwan suke rufa wa kansu asiri. Saboda su muka ɗauko wannan magana.

A watan Satumban 1987, a birnin Goiyaniya na ƙasar Birazil, wasu matasa biyu suka shiga wani asibiti da aka daina amfani da shi, suka ɓalle kan na'urar gashin cutar daji, suka sayar wa dillalin ƙarafa. Da aka fasa, sai ga wani gari mai shuɗin haske. Mutumin ya kai gida ana ta kallo, har ana rabawa 'yan uwa. Ashe sinadarin Siziyom-137 ne. Mutum 4 suka rasu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6, kuma sai da aka auna kusan mutum 112,000.

Tururin nukiliya ɓargo yake fara ci, wato inda jiki ke ƙera jini. Mutum zai yi amai, ya ji ya warware, bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi da zubar jini, domin fararen ƙwayoyin jinin da ke kare shi sun ƙare. Tsakani da Allah, a nan wa zai kawo wannan a ransa? Cewa za a yi taifot ne, a wuce kemis. Can ma da farko an ɗauka abinci ne ya ɓata musu ciki.

Magani akwai. Filgrastim allura ce da ke zaburar da ɓargon da ya tsira ya fitar da sababbin fararen ƙwayoyi. Likitocin cutar daji sun daɗe suna amfani da ita, kuma a 2015 Amurka ta amince a riƙa yi wa wanda tururin ya buga. A 2021 aka ƙara romiplostim, mai taimakon ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Sai dai kada a ruɗe mu da sunan "kariya". Ba sa tayar da ɓargon da ya riga ya mutu, ana so a fara su da wuri, likita ne ke yi yana auna jini, kuma a firji ake ajiye su. Mun san halin wutarmu.

Wani zai ce ina Birazil ina Lambata. To, ana amfani da irin waɗannan sinadarai a asibitocinmu da rijiyoyin mai, shi ya sa ma aka kafa hukumar NNRA a Abuja. Ƙarfen da ya faɗa bola kuwa ba ya faɗin inda ya fito.

Don haka a taronmu na gaba muna so a gayyato shugabannin 'yan gwangwan, a nuna musu alamar: fukafukai uku kamar na fanka a kan ruwan ɗorawa. Duk ƙarfen da ke ɗauke da ita, ko ƙaramin tulu mai nauyin da ya wuce girmansa, kada a fasa, kada a kai gida, a matsa nesa a sanar da hukuma. Sannan mu rubuta wa Ma'aikatar Lafiya a Minna ta faɗa mana asibitin da za a nufa da mutum, da kuma ko allurar tana cikin firjinsu.