Zuwa Sauraron Ɗan Takara Ba Laifi Ba Ne

Akwai wata magana da ke dawowa duk kakar zaɓe, kuma lokaci ya yi da za mu amsa ta. Da zarar ɗan takarar shugaban ƙasa ya sauka Ibadan, aka taru a Mapo, aka hangi mutanenmu na Sabo da Shasha da Bodija da dogayen riguna da huluna, sai ka ji ana cewa wai an kwaso baƙi daga Nijar a manyan motoci. Kashegari maganar ta shiga jarida. Abin takaici, har wasu daga cikin manyanmu sun fara bi gida-gida suna cewa duk ɗan Nijar ya zauna a ɗaki ranar gangami, kada ya ja mana. Mu ba mu yarda da wannan shawara ba.

Gaskiya ne akwai mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa a cikinmu. Ba mu taɓa ɓoye su ba. Tare muke sahu a masallaci, mun aurar musu sun aurar mana, wasu sun fi shekara talatin suna dakon albasa da kiwon shanu a garin nan. To amma me doka ta hana su? Sashe na 77 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 shi ke da ikon yin rajistar zaɓe. Sashe na 222 kuma 'yan ƙasa ya buɗe wa ƙofar shiga jam'iyya. Wannan babu gardama. Amma sashe na 40, mai maganar 'yancin taruwa, "kowane mutum" ya ambata, bai ce ɗan ƙasa kaɗai ba. Ke nan wanda ya tsaya a filin Mapo ya ji abin da ɗan takara zai faɗa bai karya dokar kowa ba. Kunne daban, ƙuri'a daban.

Kuma ina dalilin da zai hana shi son ji? Mutumin da za a zaɓa shi ne mai rufe iyaka da buɗe ta. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar Nijar har zuwa Maris 2024, kaya suka ruɓe a motoci, mutane suka kasa zuwa jana'izar iyayensu. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba mutanen yankin damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba. Wanda abincinsa da zamansa ke rataye a bakin shugaban Nijeriya, a ce masa ya toshe kunne? Ai ko ba ka da gona a gari, ka san damina ta shafe ka.

Masu ihun baƙi kuwa, mu tambaye su: da me suke gane ɗan Maraɗi daga ɗan Jibiya? Harshe ɗaya, sutura ɗaya, sunaye ɗaya. Ba su ganewa, kuma ba su damu su gane ba, domin ba ɗan Nijar suke nufi ba. Mu suke nufi. Sabo ta Ibadan tun 1916 take, kakanninmu a nan aka binne su, muna biyan haraji da kuɗin rumfa, amma har gobe "aboki" ne sunanmu. Idan aka saba wa jama'a da cewa duk mai hula a wajen gangami baƙo ne, to ranar zaɓe da sauƙi a tare shi a bakin rumfa a ce ya koma garinsu. Wanda ya ga yadda aka tsorata waɗanda ba 'yan asalin Legas ba a zaɓen gwamna na Maris 2023 ya san ba tatsuniya muke yi ba.

Wannan makami ma tsoho ne. A Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno ɗan jam'iyyar GNPP, ta tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da kotu ta tabbatar masa da ƙasarsa. Idan an yi wa zaɓaɓɓen ɗan majalisa haka, ina ga mai sayar da goro a Oja'ba?

Manya kuma nasu ba laifi ba ne. A ƙarshen Janairun 2019 gwamnonin Damagaram da Maraɗi suka halarci gangamin Buhari a Kano, aka yi surutu na 'yan kwanaki, maganar ta bi iska. Talaka mai tura baro shi ake kamawa.

Sai dai akwai namu 'yan kanzagin da za mu faɗa wa gaskiya, domin ɓera na gida shi ke kiran na daji. Masu zuwa tasha da daddare su raba riguna da hulunan jam'iyya da 'yan kuɗin mota ga yaran da suka sauka jiya, har su yi musu alkawarin katin zaɓe, su ne ke ba maƙiyanmu hujja. Idan jami'an shige da fice suka kama yaro da katin da bai cancanta ba, dillalin ba ya nan, yaron ne za a kora, sunan unguwa ne zai ɓaci.

Saboda haka matsayinmu ke nan. Ɗan'uwanmu ɗan Nijar da ke son zuwa gangami ya je, da takardunsa a aljihu, da tufafinsa na kullum, ba da rigar jam'iyya ba, kada kuma ya karɓi katin kowa. 'Yan ƙasa a cikinmu su je da katinsu, su matsa gaba, su tambayi ɗan takara abin da zai yi kan takardar shaidar asali da ake hana 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Duk wanda aka tsare a hanyar gangami saboda hularsa kawai, a sanar da ofishin ƙungiya a ranar, tare da sunan wurin da lokacin.